Ƙullin da Isiyaku Ya Bar Mini

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Isiyaku, malamin makaranta kuma marubuci a nan Birnin Gwari, wanda wasunku suka karanta littattafansa, wasu kuma suka ji ana karanta su a rediyo. Ko wannan shidan sai da na yi ta juya shi a raina kafin in rubuta, domin ba mu san ranar da ya cika ba. Mun san ranar da ya fita daga gida, mun san lokacin da labari ya iso mana. Abin da ke tsakanin biyun yana cikin daji. In na yi kuskure a lissafin, Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe.

Ni ce yayarsa Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya. Daddawa nake yi in sayar, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Na faɗi haka ne don kada wani ya zaci zan yi bayanin littattafansa irin na masana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwai labari guda da Isiyaku ya mutu bai rubuta ba, babu kuma inda yake sai cikin kaina, ni kuwa kullum girma nake yi, mantuwa tana ƙaruwa. Shekarun nan duka ina tsakanin tsoro biyu, in faɗe shi ko in bar shi ya bi ni kabari.

An haife mu a wani ɗan ƙauye a ƙasar Kakangi, dab da bakin daji. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda akwai masu laɓaɓawa su je gona can har yanzu, ba na so in zama sanadin komai. A ƙuruciyarmu daji wurin neman abinci ne. Babanmu yana ɗora amya a kan itatuwa ya kwaso zuma, mu mata mu shiga tsintar kaɗanya da ɗorawa, Fulani su kawo nono su koma da dawa. Abin tsoron da muka sani shi ne maciji da ɓatan hanya. Mahaifiyarmu ta rasu Isiyaku bai daɗe da yaye ba, ni na goya shi, da na gama firamare kuma sai na zauna riƙon gida, shi ya wuce gaba. Ban taɓa jin haushin haka ba. Fargaba kawai na sani, don tun yana yaro ba ya zama inda aka ajiye shi.

Wata rana wani ya gaya masa wai in mutum ya shiga rijiya mai zurfi da rana ya ɗaga kai, zai ga taurari. Na neme shi na rasa, can sai na ji muryarsa daga ƙasan tsohuwar rijiyar bayan gari wadda aka daina ɗiba. Na ruga na kira mutane. Da aka jawo shi da igiya, jikinsa duk laka, ni ina kuka, shi kuwa abin da ya dame shi daban. Ya ce, “Yaya, ƙarya ne, ba a ganinsu. To ina suke zuwa?” Ina jin wannan tambayar ce ta kai shi karatun kimiyya, ita ce kuma ta mai da shi marubuci.

Da ya zama malami a wata sakandare a nan cikin gari, sai ya fara rubuta abin da yake kira tatsuniyar gobe. Tatsuniyar da muka gada tana cewa a da can an yi kaza, tasa kuwa tana cewa nan gaba za a yi kaza. Akwai wadda mutanenmu suka koma duniyar wata suna noman dawa a ƙarƙashin rumfar gilashi, suna rigima a kan wa zai zama sarkin noma a inda ba a ruwan sama. Akwai ta mutanen ƙarfe da aka ƙera don haƙar zinariya, har wata rana ɗayansu ya ajiye diga ya tambaya wa ake haƙa wa. Akwai ta wata kuka mai ƙofa a gindi, wadda in ka shiga sai ka fito a kasuwar garinku tun ba a haifi kakanka ba. Ƙananan littattafai ne, a Kaduna ake buga masa su, bai kuma taɓa yin arziki da su ba. Amma 'yan makaranta suna karɓa hannu da hannu har bango ya cire.

Abin da masu karatu ba su sani ba shi ne yadda yake aikinsa. Isiyaku ba ya sa alƙalami a takarda sai ya ba ni labarin da baki tun daga farko har ƙarshe. Ya zaɓe ni ne don na fi kowa tsoro a gidanmu. Yana magana yana kallon fuskata. In ya ga na ajiye abin da ke hannuna na fara salati, ya san wurin ya yi. In ya ga ina ci gaba da aikina, sai ya ce wurin ya mutu, ya koma ya sake shi. Yakan gaya wa abokansa cewa wasu marubutan suna da edita, shi kuwa ma'aunin tsoro gare shi a gida, wanda ba ya cin batir.

Da yake da rana yake samuna, ina bakin tukunyar kalwa, sai muka riƙe wata al'ada ta kakarmu. A wurinta ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata a daji. In kuwa ta kama dole, sai mai sauraro ya ƙulla bakin zanensa ko mayafinsa kafin a fara, kada ya kwance sai mai labari ya ce ƙurunƙus. Wai ƙullin ne ke riƙe labarin kada ya bi mai shi. Na sani camfi ne, an faɗa mana a islamiyya, na kuma yi istigfari a kansa ba sau ɗaya ba. Amma hannuna ba ya jin magana. Shi kuwa abin dariya ya mai da shi. Yana shigowa zai ce, “Yaya, ƙulla, na zo da sabo.”

Ni kuma in ce, “Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, ba ka jin kunya?”

“Ai ni ban yarda da shi ba. Amma in ba ki ƙulla ba, hankalinki ba ya kan labarina, yana can cikin daji yana nemana.”

Akwai littafinsa guda da ya jawo masa magana. A ciki ya ba da labarin wani ƙauye da waɗansu masu rufe fuska suka zauna a dajin da ke kewaye da shi, har ya zama manomi ba ya girbe gonar ubansa sai da izininsu. Daga baya garin ya watse, ciyawa ta fito a masallaci da coci. Ranar da ya ba ni shi na roƙe shi ya bar shi, ya ce ai tatsuniya ce. Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba muka ga abin da idonmu. Aka fara da satar shanu, aka koma ɗaukar mutane, aka zo ana ƙona rumbuna. Ƙauyenmu ya watse kamar yadda ya rubuta. Mijina ya riga ya rasu a lokacin, na fito da abin da kaina zai iya ɗauka, Isiyaku ya ba ni ɗaki a gidansa.

Wata ranar kasuwa ina tsaye kusa da shi, wani dattijon ƙauyenmu, Baba Tanko, wanda aka kashe wa ɗa a gona, ya tare shi a gaban jama'a. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, kai ka yi mana baki. Ka rasa abin rubutawa sai watsewar gari?” Isiyaku ya durƙusa kamar yadda ake yi wa uba, ya ce, “Baba, ban kira shi ba. Na ga an toshe burtali, na ga bindiga ta yi arha, na ga wanda aka zalunta ba shi da wurin kai ƙara. Na rubuta ne don a ji tsoro da wuri.” Baba Tanko ya dube shi ya ce, “To, ga shi mun ji.” Ya juya ya tafi. Ban taɓa ganin abin da ya soki ƙanena kamar maganar nan ba. Ya yi watanni bai ce mini in ƙulla ba. Ni kuwa, ko da yake na san ba mai saukar da masifa sai da ikon Allah, wani gefe na zuciyata yana tare da tsohon.

Da ƙarfinsa ya dawo, sai ya dawo da shirye-shirye. Yana so ya yi wa yara littafin taurari da sunayen da muka sani, su Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta, don ya ce yaran gari sun daina ɗaga kai. Wannan ya tsaya a rabi. Yana so kuma su zagaya ƙauyuka da abokinsa Malam Yohanna, wanda suke koyarwa tare, su tattara tatsuniyoyin Gbagyi daga bakin tsofaffi kafin gudun hijira ya warwatsa su. Wannan ko farawa ba su yi ba, hanyoyin suka rufe, Malam Yohanna ma daga baya ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Na ƙarshen shi ne babba, shi ne ya ce zai zama amsarsa ga Baba Tanko. Ya riga ya rubuta yadda gari ke watsewa, yanzu zai rubuta yadda ake komawa.

Ranar da zai tafi Kaduna wurin mai buga masa littafi, da hantsi ina wanke kalwa, ya fito da jakarsa a kafaɗa. A lokacin motoci ba sa fita ɗai-ɗai, sai sun taru su tashi tare, saboda haka ya ce yana da sauran lokaci, direba zai kira shi. Ya jawo kujera ya zauna. Na goge hannuna na ƙulla bakin mayafina, wani shuɗi mai ratsin fari.

Ga labarin kamar yadda na riƙe shi. Ƙasa ta ƙi zaunuwa, sai mutanen wani ƙauye suka shiga wani babban jirgi suka tashi sama da irin shukarsu, dawa da gero da wake da kalwa. Suka yi ta kewaya duniya daga nesa. Waɗanda suka shiga suka mutu, 'ya'yansu suka tsufa, jikoki suka karɓi tuƙi. A jirgin kowa da aikinsa, akwai matuƙi, akwai mai gyaran iska, akwai mai kula da iri. Akwai kuma wata mace da ake kira Mai Fargaba. Aikinta shi ne ta ji tsoro a madadin kowa. Ita ke bin ƙofofi tana taɓawa bayan an kulle, ita ke shinshina iska, ita ke tara mutane a kan ƙarar da ba wanda ya ji sai ita. Ana yi mata dariya, amma dokar jirgin ita ce ba a buɗe ƙofar waje sai da yardarta.

Na ce, “Isiyaku, ni ka sa a littafi?”

Ya ce, “Ke kin taɓa shiga jirgi? Wanke kalwarki.”

Ya ci gaba. Sai irin ya fara mutuwa. Duk shekara in an gwada, wanda ke tsirowa yana raguwa. Mai kula da iri ya ce in ba a sa shi a ƙasa ta gaske a daminar nan ba, an gama. Suka sauko da jirgin a bakin dajin kakanninsu. Ta taga ana ganin itatuwa sun cinye inda gari yake, ana kuma hango hayaƙi siriri yana tashi daga can ciki, ba a san ko na masu girki ne ko na masu ƙone-ƙone ba. Jama'a suka taru a bayan ƙofa, kowa da ƙunshin iri a hannu. Matuƙi ya juya ya ce, “Mai Fargaba, a buɗe?”

Nan wayarsa ta yi ƙara. Direba ne, motoci za su tashi. Na ce ya ƙarasa, ya ce ba lokaci. Na ce to ko ƙurunƙus ɗin ya faɗa in kwance. Ya yi dariya ya ce, “Ba a rufe labari a tsakiya, Yaya. Bar shi a ƙulle, jibi ina nan.” Na bi shi har zaure ina ce masa ya fasa tafiyar, amma wannan na saba faɗa a kowace tafiya, shi ma ya saba ji.

Motarsu ta samu matsalar taya sauran suka bar ta a baya, aka tare ta, aka shiga da su daji. Ba zan ba da labarin makonnin da suka biyo baya ba. Duk wanda ke garin nan ya san su, in ba a gidansa ba, a gidan maƙwabcinsa. Isiyaku yana da ciwon asma, damina ce, maganinsa kuma yana cikin jakar da aka ƙwace. Direban ne, da aka sako shi, ya kawo labarin cewa ya cika, waɗanda ke tare da shi sun yi masa salla sun rufe shi a gindin wani itace. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. A kan maganar mutum ɗaya muka yi zaman makoki.

Bayan an watse na ɗauko mayafin zan wanke, sai na ga ƙullin. Ya ba da labari da rana, ya ɓata a daji. Na san ajali ne, na san ko bai buɗe baki ba ranar, abin da aka ƙaddara masa zai same shi, na kuma gaya wa kaina haka ya fi a ƙirga. Duk da haka sai da na duba ƙullin ta kowane gefe, ko ban ɗaure shi da kyau ba, ko santsin kalwa a hannuna ya sa ya yi sako-sako. Ƙulli ne mai kyau. Ban iya kwance shi ba, tunda ba a rufe labarin ba. Na ci gaba da yafa mayafin, ina wanke shi da ƙullinsa. Matan kasuwa sun zaci canji nake ɗaurewa a ciki.

Babbar 'yarsa Rahama ta gama karatu, yanzu tana koyarwa kamar ubanta. Ta san da labarin, don tana gida ranar ta ji farkonsa. Shekara da shekaru tana bina, “Gwaggo, ki ba ni in rubuta. In kika tafi da shi fa?” Ni kuma in ce ta bari tukuna. Labarin ba shi da ƙarshe, a ganina kuma duk wanda ya ƙara masa ya yi wa mamaci ƙarya. Ga kuma maganar Baba Tanko. In har akwai gaskiya ko kaɗan a cikinta, labarin komawa gida zai iya tura mutane inda za a kashe su, a wannan karon kuma daga bakina ya fito.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Wasu abubuwan nasa sun iso. Rahama ta nuna mini waya da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, ana kuma ganin ƙananan jirage marasa matuƙi suna wucewa ta saman daji. Na tabbata da ya yi murna kamar yaro, da ya nemi guda ya kwance ya ga cikinsa. Amma ina jin yaran unguwarmu ne za su fi tsaya masa a rai. A gari aka haife su, iyayensu 'yan gudun hijira, ba su taɓa ganin ɗorawa ta yi fure ba. Wasan da suke yi a lungu shi ne wasu su rufe fuska da tsumma, wasu su kara dutse a kunne suna roƙo a sako musu uba. Ni kaina kalwar da nake dafawa daga nesa ake kawo ta, alhali itatuwan da kakarmu ta san kowannensu suna can suna zubar wa birai. In na dubi yaran nan sai in tuna jikokin cikin jirgin.

Yanzu ana cewa an samu sauƙi, hanya ta ɗan buɗe. Wasu sun fara zuwa su share gona su dawo kafin la'asar. Akwai waɗanda suka girbe lafiya, akwai waɗanda sai labarinsu aka ji. Kowane gida a unguwarmu muhawara ɗaya ake yi, a koma ko a jira, ga gonaki suna zama daji, ga ƙarfin maza yana ƙarewa a dakon kasuwa. Baba Tanko bai ga wannan ba. Ya rasu a ɗakin haya, yana tambayar ko an yi ruwa a wajenmu.

A farkon daminar bana wata mata ta yi sallama tana neman yayar Malam mai daddawa. Sunanta Asabe, 'yar wajen Kutemeshi, 'yar kasuwa ce, tana cikin motar ranar. Bayan ta fito ta daɗe ba ta cikin hayyacinta, danginta suka kai ta Zariya, sai bana ta iya dawowa. Na ba ta ruwa ta sha, ta yi mini gaisuwar rasuwa da ta yi shekaru ba ta samu yi ba, sannan ta ce, “Yaya, ƙanenki ya riƙe mu. In rana ta take, masu gadinmu sun koma inuwa, sai ya ce mu matso, ya ce wata ta ƙulla bakin zanenta. Ni na ƙulla. Tun da aka kama mu ban yi dariya ba sai ranar.”

Na ce, “Wane labari ya ba ku?”

“Na jirgi. Da wata matsoraciya.”

Na matso kusa da ita. Na ce, “Ya ƙarasa?”

“Ina fa. Ya kai inda aka ce mata a buɗe, sai ya yi shiru. Muka zaci numfashin ne. Wani Alhaji a cikinmu ya ce, haba Malam, kada ka bar mu a nan, ta buɗe ko ba ta buɗe ba? Ya ce, wallahi Alhaji ni ma ban sani ba. Ita aka tambaya. In na koma gida zan ji ta bakinta.”

Bayan Asabe ta tafi na daɗe a zaune, wuta ta mutu a ƙarƙashin tukunya ban lura ba. Shekarun nan duka na ɗauka ƙarshen labarin yana binne tare da shi a gindin itacen nan, ashe shi ma ba shi da shi. Sai na tuna cewa ranar, da ya ce a buɗe, ya tsaya yana kallona kafin wayar ta yi ƙara. Na zaci numfashi yake ja. Ashe amsa yake jira.

Sanin haka bai sauƙaƙa mini ba. Duk abin da na gani a rayuwata cewa yake kada a buɗe. Da ni ake bi, da Isiyaku bai shiga rijiya ba, da bai hau motar nan ba, da kuma, in na bi maganar har ƙarshe, bai rubuta ko layi ɗaya ba. Amma in ba a buɗe ba irin zai mutu, mutanen kuma su bi shi, a hankali, a bayan ƙofa mai kyau. Na yi kwanaki ina juya wannan, ina roƙon Allah kada Ya sa in faɗi abin da zai cuci kowa.

Daga ƙarshe na kira Rahama da rana, a bakin tukunyar, na ɗora mayafin a cinyata. Na ce mata sharaɗina shi ne ta rubuta maganar ubanta yadda na ba ta, in ta zo inda ya tsaya ta ja layi, ta rubuta a ƙasa cewa sauran na gwaggonta ne, don kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ta yarda. Na ba ta labarin har bakin ƙofa, inda na yi shakkar kalma kuma na gaya mata ina shakka. Sannan na ce Mai Fargaba ta ce a buɗe, amma kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya. Ita za ta fita, a kulle a bayanta, kada wanda ya biyo ta sai ta dawo.

Rahama ta ɗago kai. “Gwaggo, matsoraciyar ce za ta fara fita?”

“Wa kike so a tura? Irin ubanki? Yana kallon sama zai taka abin da zai taka. Ita ce ta san abin da ake dubawa.”

“To sai me?”

“Ta ɗauki ƙunshin kalwa ta nufi hayaƙin, ƙafafunta suna rawa.”

“Me ta tarar?”

Na ce, “Ban sani ba, 'yar nan. Ban je ba tukuna. Abin da ban gani ba ba zan ƙaga ba.”

Ta sake karanta abin da ta rubuta. Can ta ajiye alƙalami ta ce, “Ƙurunƙus.” Yadda ta ja kalmar, da ɗan murmushin da ke ƙarshenta, muryarsa ce sak. Na sa hannu zan kwance, ƙullin ya ƙi, wanki da rana sun mai da shi kamar tsakuwa. Rahama ta ce ta kawo reza, na ce a'a. Da haƙori na kwance shi.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya ɗauke shi shawara. Ban ce kowa ya koma ƙauye ba, ban kuma ce kada ya koma ba. Wanda zai je ya tambayi waɗanda suka san hanyar a ranar da zai je. Tatsuniya ce kawai aka rufe. Abin da ke cikin daji yana nan.

In na auna abin da ya rage na Isiyaku, ba shi da yawa. Littattafansa sun yi wuyar samu, wanda yake buga masa su ya rufe shago. Ba mu da kabarin da za mu tsaya a kai. Rahama tana aikin labarin jirgin, ta ce in ta gama za ta koma kan na taurarin, Allah Ya ba ta iko. Akwai tsofaffin ɗalibansa da ke tsayawa su sayi daddawar da ba sa bukata don su gaya mini shi ya sa suka fara ɗaga kai. Akwai Asabe, wadda ta yi dariya a inda ba a dariya. Waɗannan nake sawa a gaba in na tuna yadda ya ƙare, ko da yake ba kullum suke rinjaye ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baba Tanko da ɗansa, da duk waɗanda ke kwance a dajin nan ba a san inda suke ba.

Mayafin ya koɗe gaba ɗaya, shuɗin ya koma kamar toka. Sai wurin da ke cikin ƙullin kawai, wanda rana ba ta taɓa gani ba. Bai fi tafin hannun jariri ba, yana nan shuɗi shar, launin ranar da ya ce mini jibi yana nan. Na san in na ci gaba da yafawa shi ma zai koɗe ya bi sauran. Na yi ta shawara da kaina ko in ninke shi in sa a akwati. Jiya dai na wanke shi na shanya a rana.